BABI NA BIYU: TARIHIN KARƁAR KUƊI DA ISAR DA KAYA A SANA'AR ƘANANAN MASU SAYAR DA MANHAJA

2.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, waiwaye adon tafiya. A wannan babi za a waiwaya ne a dubi yadda ƙaramin mai sayar da manhajar kwamfuta ya riƙa karɓar kuɗinsa, da kuma yadda ya riƙa isar da kayansa ga mai saye, tun daga shekarar 1982 har zuwa yau. Abin da ake nufi da manhaja shi ne jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta gudanar da wani aiki, kamar buga wasiƙa ko lissafin kuɗi ko wasa. Shi kuwa ƙaramin mai sayarwa, shi ne mutum guda ko wasu mutane ƙalilan da suka rubuta manhajar da kansu, ba su da kanti, ba su da wakilai a garuruwa, ba su kuma da jarin yin talla.

Mafi yawan abubuwan da za a kawo sun faru ne a Amurka, domin can ne wannan sana'a ta tsiru, sai a ƙarshe a dubi yadda al'amarin ya shafi Nijeriya. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, isar da manhaja ya daɗe da zama abu mai sauƙi, amma karɓar kuɗinta bai taɓa yiwuwa ga ƙaramin mai sayarwa ba sai ta hannun dillali. Kowane zamani ya zo da nasa dillalin, kowane dillali kuma ya zo da tasa la'adar da nasa haɗarin.

2.1 Zamanin Faifai da Ambulan

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur. Manhajojin da ake sayarwa domin wannan na'ura suna da tsada ƙwarai. Alal misali, manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 wadda ta fito a 1983, dala 495 ake sayar da ita. Dalili kuwa shi ne, kafin manhaja ta kai hannun mai saye sai an buga mata littafin bayani, an saka ta a kwali, an yi mata talla a mujallu, sannan ɗan sari ya ci riba, mai kanti ma ya ci tasa. Wanda ba shi da jari ba shi da hanyar shiga wannan kasuwa.

A shekarar 1982 wasu mutum biyu, kowa a garinsu, suka ɓullo da wata dabara. Na farko shi ne Andrew Fluegelman na jihar Kalifoniya, wanda ya rubuta manhajar sadarwa mai suna PC-Talk. Ya sanar cewa duk mai so ya aiko masa da faifan da ba komai a kai, tare da ambulan mai kan sarki, shi kuma zai kwafa masa ya mayar. A cikin manhajar ya rubuta saƙo cewa wanda ya ga ta amfane shi ya aiko da dala 25, kuma kowa yana da izinin kwafa wa abokinsa. Na biyu shi ne Jim Knopf, wanda aka fi sani da Jim Button, ma'aikacin IBM a jihar Washintan. Shi ya rubuta PC-File ta adana bayanai, ya nemi dala 10 da farko. Da suka san da juna sai suka daidaita farashi a kan dala 25, kowa kuma ya riƙa ambaton manhajar ɗan'uwansa a faifansa. Kuɗin da suka riƙa shigo wa Knopf sun kai ga ya ajiye aikin IBM a 1984 ya rungumi wannan sana'a.

Na ukunsu shi ne Bob Wallace, wanda ya bar kamfanin Microsoft a 1983 ya fitar da manhajar rubutu ta PC-Write. Shi ya ƙara da cewa duk wanda ya biya dala 75 za a ba shi lamba tasa a cikin kwafinsa. Idan wani ya kwafa daga wurinsa, shi ma ya biya, to za a aika wa na farkon dala 25 a matsayin la'ada. Wato ya mayar da masu sayensa sun zama dillalansa.

Wannan tsari shi ne za a kira "manhajar ɗanɗano" a cikin wannan aiki, domin ya yi kama da yadda mai sayar da zuma ko kilishi yake ba da ɗanɗano kafin a yi ciniki. Sai dai akwai bambanci babba. Mai zuma ɗan kaɗan yake lasa wa mutum, amma mai manhaja tulun ne dungurungum yake miƙawa, sannan ya koma gida ya jira cek ta gidan waya. Saboda haka cinikin gaba ɗaya a kan amana ya dogara, kuma masu biya ba su taɓa kai yawan masu amfani ba ko kusa.

2.2 Sauƙaƙuwar Isarwa

Abin da ya sa wannan tsari ya yiwu shi ne wata siffa da manhaja take da ita wadda sauran hajoji ba su da ita, wato ana kwafarta ba tare da ta ragu ba. Tun a 1978 Ward Christensen da Randy Suess suka kafa allon sanarwa na kwamfuta na farko a birnin Shikago. Wannan allo kwamfuta ce da aka jona da layin tarho, wadda mutum zai kira daga tasa kwamfutar ya karanta saƙonni, ya sauke manhaja ko ya ɗora wata. A tsakiyar shekarun 1980 irin waɗannan alluna sun bazu ko'ina a Amurka, suka zama rumbunan manhajar ɗanɗano. Sai dai abin yana cin lokaci. Na'urar modem mai aika haruffa kusan 120 a daƙiƙa guda tana bukatar kusan minti 50 kafin ta sauke abin da faifai ɗaya mai cin haruffa 360,000 yake ɗauke da shi. Wannan ne ya sa manhajojin matse bayanai suka yi farin jini, musamman PKZIP ta Phil Katz wadda ta fito a 1989, ita ma kuma a tsarin ɗanɗano aka rarraba ta.

Bugu da ƙari, an samu kamfanonin da suke tattara waɗannan manhajoji suna buga kundin sunayensu, suna sayar da kowane faifai a kan 'yan daloli. Waɗannan sun taimaka wajen yaɗawa, amma sun haifar da ruɗani, domin da yawa daga masu saye sun ɗauka kuɗin faifan da suka biya shi ne kuɗin manhajar, alhali ko sisi bai kai ga marubucin ba. Irin waɗannan matsaloli suna cikin abin da ya sa marubutan suka kafa ƙungiyarsu ta ASP a 1987, domin tsara ƙa'idojin sana'ar.

A wannan shekara ta 1987 ne kuma Scott Miller na kamfanin Apogee da ke jihar Teksas ya gyara tsarin. Maimakon ya ba da wasan kwamfuta gaba ɗaya, sai ya kasa shi kashi-kashi, ya saki kashin farko kyauta, sauran kuma sai an biya a aiko da su ta gidan waya. A nan ɗanɗano ya koma ɗanɗano na gaskiya. Da wannan salo aka sayar da Commander Keen a 1990 da Wolfenstein 3D a 1992. Haka kuma kamfanin id Software ya bi wannan hanya da wasan Doom, wanda aka ɗora kashinsa na farko a kwamfutar Jami'ar Wisconsin ranar 10 ga Disamba 1993. Darasin da aka koya shi ne, mutane sun fi saurin biyan kuɗin abin da bai zo hannunsu ba tukuna, a kan abin da suka riga suka mallaka.

2.3 Katin Banki da Bayyanar Dillalai

Ko da yake kaya suna tafiya ta layin tarho cikin mintoci, kuɗi kam a ambulan suke tafe cikin kwanaki ko makonni. Mai saye sai ya cika takarda, ya rubuta cek, ya nemi kan sarki, ya je gidan waya. A tsakanin niyya da aikawa mutane da yawa sukan shiririce. Wanda yake wata ƙasa kuwa, tasa wahalar ta fi, domin abin da banki yake caja kafin ya warware cek na ƙasar waje yakan kusa cinye kuɗin manhajar. Wannan ya sa wasu sukan cusa tsabar kuɗi a ambulan su aika, in ta isa to, in ba ta isa ba shi ke nan.

Maganin wannan shi ne karɓar kuɗi ta katin bashi irin su Visa da MasterCard. To amma kafin mutum ya karɓi kati sai banki ya buɗe masa asusun ɗan kasuwa, bankuna kuwa ba sa son buɗe wa mai sana'a a ɗakinsa. Dalilinsu shi ne, wata dokar Amurka ta 1974 ta ba mai kati ikon ƙalubalantar cajin da bai yarda da shi ba. Idan aka yi ciniki ta tarho ko wasiƙa, ba a ga kati ba, ba a ga sa hannu ba, sannan mai katin ya ce ba shi ya saya ba, to za a janye kuɗin daga asusun mai sayarwa. Idan mai sayarwar ya tsere ko ya karye, asarar a kan banki za ta faɗa.

A nan ne dillali ya samu wurin zama. Nelson Ford, mai kamfanin PsL na birnin Houston, wanda da ma sana'arsa rarraba faya-fayan manhajar ɗanɗano ce, ya fara karɓar oda a madadin marubuta. Mai saye zai buga tarho ya faɗi lambar katinsa, PsL ya caje shi da nasa asusun, ya cire la'ada, ya sanar da marubucin ya aika kaya. Haka nan a farkon shekarun 1990 kamfanin sadarwa na CompuServe ya buɗe wani sashe mai suna SWREG, inda ake ɗora kuɗin manhaja a kan kuɗin watan da mamba yake biya. A duk hanyoyin biyu, abin da marubuci yake saye da la'adarsa shi ne yardar da banki ya yi wa dillalin, wadda shi bai samu ba.

2.4 Shigowar Intanet

Kafin tsakiyar shekarun 1990, babban layin intanet na Amurka yana ƙarƙashin wata hukumar gwamnati mai kula da binciken kimiyya, kuma ƙa'idarsa ta taƙaita harkar kasuwanci. A watan Afrilu na 1995 aka rufe wannan layi, kamfanoni masu zaman kansu suka karɓi ragama. Matsalar da ta rage ita ce ta tsaro, domin saƙon intanet yakan ratsa kwamfutoci da dama kafin ya isa, kuma kowa a hanya yana iya karanta lambar katin da ke ciki.

An gwada hanyoyi iri-iri. Kamfanin First Virtual, wanda ya fara aiki a watan Oktoba na 1994, ya kauce wa aika lambar kati ta intanet gaba ɗaya. Mai saye zai ba da lambar katinsa sau ɗaya ta tarho, a ba shi wata lamba ta daban. Duk sa'ad da ya yi ciniki sai a aika masa imel a tambaye shi ko ya amince, ko bai amince ba, ko kuwa damfara ce. Kowa yana iya zama mai sayarwa, amma ƙaramin mai sayarwa sai ya jira kwana 91 kafin a sakar masa kuɗinsa. Kamfanin DigiCash na David Chaum kuwa, kuɗin lantarki ya ƙirƙiro waɗanda ba a iya gane mai kashe su. Dukansu biyu ba su wuce 1998 a wannan harka ba. Abin da ya yi nasara shi ne hanya mafi sauƙi ga mai saye, wato tsarin SSL da kamfanin Netscape ya saka a manhajarsa ta shiga intanet a 1995, wanda yake rufe saƙo tsakanin mai saye da shafin mai sayarwa. Da wannan mutum yake rubuta lambar katinsa kai tsaye ba tare da ya yi rajista da kowa ba.

Sai dai SSL hanya kawai ya tsare, bai sa banki ya yarda da ƙaramin mai sayarwa ba. Saboda haka dillalai suka biyo kasuwa zuwa intanet. A 1994 Kee Nethery ya kafa Kagi a garin Berkeley na Kalifoniya. Kagi yana karɓar kati da cek har da tsabar kuɗin ƙasashe daban-daban, ya tattara, ya biya marubuci sau ɗaya a wata. Bayansa aka samu RegNow a Amurka da ShareIt a Jamus da wasunsu.

A wannan zamani ne kuma ma'anar isar da kaya ta sauya. Tun da mai saye ya riga ya sauke manhajar, abin da ya rage a aika masa shi ne mabuɗi, wato wasu haruffa da lambobi da zai shigar domin a cire wa manhajar takunkumin kwanaki ko a buɗe sassanta da aka kulle. Ke nan kwali da faifai da littafi duk sun koma layi ɗaya a cikin imel. Sunan Kagi ma kansa, mabuɗi yake nufi da harshen Japananci. Amma in an toshe wannan kafa sai wata ta ɓulle: mutane suka shiga musayar mabuɗai, wasu kuma suka rubuta manhajojin ƙera mabuɗan jabu. Wannan ya kai ga tsarin da manhaja take tuntuɓar kwamfutar mai ita ta intanet domin a tantance mabuɗi, tsarin da ya zama sananne bayan Microsoft ya saka shi a Windows XP a 2001.

2.5 PayPal da Stripe

A watan Disamba na 1998 Max Levchin da Peter Thiel da abokansu suka kafa kamfanin da ya fitar da PayPal a ƙarshen 1999. Sabon abin da ya zo da shi shi ne, duk mai adireshin imel a ƙasashen da aka amince da su yana iya karɓar kuɗi, ba sai da asusun ɗan kasuwa ba. Masu gwanjo a shafin eBay ne suka fara rungumarsa, har eBay ya saye shi a 2002 a kan dala biliyan 1.5. Ga mai manhaja kuwa, amfaninsa shi ne PayPal yana sanar da kwamfutar mai sayarwa nan take idan an biya, ita kuma ta aika mabuɗi da kanta ko da mai ita yana barci.

La'adar da aka daɗe ana biyan PayPal a Amurka kafin 2021 ita ce kashi 2.9 cikin 100 da kuma santi 30 a kowane ciniki. Idan manhaja ta dala 25 ce, la'adar ta ɗara dala ɗaya da kaɗan, wato kusan kashi 4 cikin 100. Idan kuwa ta dala ɗaya ce, to sulusin kuɗin ya tafi. Wannan lissafi shi ya hana sayar da ƙananan abubuwa masu arha ta wannan hanya. Har wa yau, da yake PayPal ne yake ɗauke da haɗarin damfara, ya ba kansa ikon riƙe kuɗin asusun da ya yi wa zargi har tsawon kwana 180, abin da kan durƙusar da mai ƙaramin jari.

A 2004 manyan kamfanonin kati suka haɗu suka fitar da ƙa'idojin tsare bayanan kati, waɗanda cika su yake da wuya ga mutum guda. Kamfanin Stripe, wanda wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Ayalan, Patrick da John Collison, suka buɗe wa jama'a a 2011, ya warware wannan ta hanyar sa lambar kati ta wuce kai tsaye zuwa kwamfutarsa ba tare da ta sauka a ta mai sayarwa ba. Da wannan, abin da a da yake cin makonni ana kai da kawowa a banki ya koma aikin yini guda.

2.6 Manyan Kasuwannin Manhaja

Wani babban sauyi ya zo ne lokacin da masu na'ura suka gina kasuwa da kansu. Kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003, ya fara sayar da wasannin wasu a 2005. Apple ya buɗe App Store ranar 10 ga Yuli 2008 da manhajoji kusan 500, Google kuma ya buɗe tasa kasuwar a watan Oktoba na wannan shekara. A nan dillali guda ya haɗa komai: shi ke baje kaya, shi ke karɓar kuɗi, shi ke isarwa, shi ke aika gyara, shi ke hana kwafa. La'adarsa kuwa kashi 30 cikin 100.

Babu shakka wannan ya buɗe wa ƙaramin mai sayarwa ƙofar miliyoyin masu saye. To amma kowane allazi da nasa amanu. Manhaja ba ta shiga kasuwa sai mai kasuwa ya amince, yana kuma iya fitar da ita. Mai sayarwa bai san sunan mai sayensa ba balle adireshinsa. Yawan gasa kuma ya karya farashi zuwa santi 99 ko kyauta. A watan Agusta na 2020 Apple da Google suka cire wasan Fortnite saboda kamfanin Epic ya saka hanyar biya tasa a ciki, har aka je kotu. Abin lura shi ne, mai Epic ɗin, Tim Sweeney, da manhajar ɗanɗano ya fara a 1991, yana karɓar cek ta gidan waya. A 2021 kamfanonin biyu suka rage la'ada zuwa kashi 15 ga ƙananan masu sayarwa, a kan ma'aunin cinikin dala miliyan ɗaya a shekara.

2.7 Haraji da Haɗarin Dogaro da Dillali

A daidai lokacin da karɓar kati ya yi sauƙi, sai haraji ya zama sabon shinge. Daga ranar 1 ga Janairu 2015, Tarayyar Turai ta wajabta karɓar harajin saye na VAT a kan kayan intanet gwargwadon ƙasar mai saye, ba ta mai sayarwa ba. Ƙasashen kuwa 28 ne a lokacin, kowace da nata ma'aunin, daga kashi 17 a Luksambok zuwa kashi 27 a Hangare. A lokacin dole ne mai sayarwa ya samu shaida biyu da ba su saɓa wa juna ba a kan inda mai saye yake, ya kuma adana su shekara 10. A Amurka ma, hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair ya ba jihohi ikon neman haraji daga mai sayarwar da ba ya zaune a cikinsu.

Wannan ya sake raya tsohon salon dillanci. Kamfanoni irin su FastSpring da aka kafa a 2005, da Paddle da aka kafa a Landan a 2012, suna tsayawa ne a matsayin su ne masu sayarwa a idon hukuma. Sunansu ne a rasit, su ke biyan haraji, su ke amsa ƙorafi. A 2024 Paddle yana karɓar kashi 5 cikin 100 da santi 50, wato sama da la'adar Stripe, bambancin kuwa shi ne kuɗin sauke nauyin haraji.

Sai dai wanda ya ba wani ajiyar kuɗinsa ya rataya ne a kan lafiyar ma'ajin. Ranar 31 ga Yuli 2016 Kagi ya rufe ba zato, bayan shekara 22, ya danganta hakan da asarar wata tsohuwar damfara da wani abokin ciniki ya jawo masa. Wanda ya fi wannan girma shi ne na Digital River, kamfanin jihar Minesota da ya saye RegNow da ShareIt da wasu ƙananan dillalai. A 2024 masu manhaja da yawa suka koka cewa an daina biyansu kuɗin cinikinsu, a 2025 kuma kamfanin ya rufe. Waɗanda suka yi ciniki na halal, masu saye suka biya, kaya suka isa, sun wayi gari suna bin bashin da babu tabbacin biyansa.

2.8 Yadda Al'amarin Ya Shafi Nijeriya

Duk sauƙin da aka bayyana a sama bai iso ko'ina a lokaci guda ba. A Nijeriya, harsashin biyan kuɗi ta na'ura ya fara ne da kafa Interswitch a 2002, sai tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, da shirin rage amfani da tsabar kuɗi na Babban Bankin Nijeriya wanda aka fara a Legas a 2012. Da PayPal ya shigo a 2014, ƙofar biya kawai ya buɗe wa 'yan ƙasar, ban da ta karɓa. Ke nan a wancan lokaci ɗan Nijeriya yana iya sayen manhajar Ba'amurke, amma shi ba ya iya sayar masa da tasa ta wannan hanya. Wasu sun bi ta shirin Stripe Atlas na 2016, inda ake biyan dala 500 a yi wa mutum rajistar kamfani a Amurka, wato dillali a kan dillali.

Wannan giɓi ne Shola Akinlade da Ezra Olubi suka cike da Paystack a 2015, Flutterwave kuma ya biyo baya a 2016. A 2020 Paystack yana karɓar kashi 1.5 cikin 100 da naira 100 a cinikin cikin gida, la'adar kuma ba ta wuce naira 2,000. A watan Oktoba na wannan shekara Stripe ya saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce sun haura dala miliyan 200. Ta ɓangaren masu saye ma an sha wuya, domin a 2022 ƙarancin dala ya sa bankuna da dama suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar, sai a 2025 wasu suka dawo da shi.

Ta fuskar isarwa kuwa, masu tura finafinai da waƙoƙi da manhajoji a wayoyin jama'a, irin na kasuwar Farm Centre ta Kano, sun yi kama da masu sayar da faifan da aka ambata a 2.2. Kaya suna yaɗuwa, mai saye yana ganin ya biya, amma sau da yawa kuɗin a hannun mai turawa suke tsayawa.

2.9 Naɗewa

A wannan babi an bibiyi tarihin sana'ar tun daga ambulan da cek na 1982, zuwa odar tarho, zuwa mabuɗi a imel, zuwa manyan kasuwannin waya. An ga cewa matsalar isarwa ta warware tun da wuri, saboda manhaja haja ce da ba ta ƙarewa. Abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shi ne amana tsakanin mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Da farko mai sayarwa ne ya yarda da mai saye, daga baya aka nemo na uku wanda banki da hukuma suka yarda da shi. Abin da wannan na ukun yake sayarwa ya riƙa sauyawa, daga asusun kati zuwa tsaro, zuwa tarin masu saye, zuwa sauke haraji, amma shi kansa bai gushe ba. Saboda haka tambayar da ke gaban ƙaramin mai sayarwa, a Amurka yake ko a Nijeriya, ita ce wane dillali zai zaɓa, nawa zai biya shi, kwana nawa kuɗinsa za su yi a hannunsa, kuma ina zai nufa ranar da dillalin ya rufe ƙofa. A kan waɗannan ma'aunai huɗu ne babi na gaba zai auna hanyoyin da ake amfani da su a yau.